Makonnin da Na Koyar da Fushi

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

Yau muka shiga babi na tara, babin fushi. Wanda ya rubuta littafin da nake koya wa baƙi yaren Sweden da shi ya ba sayen tikitin jirgin ƙasa shafuka rututu, ya ba fushi shafi ɗaya da rabi. Rabin ma hoto ne: wata mata ta riƙe ƙugu a ɗakin wanki tana hararar inji.

Na rubuta a allo, *Jag är arg*, ina fushi. Ajin ya maimaita cikin ladabi kamar masu karɓar addu'a.

Bassam ya ɗaga hannu. Direban bas ne a Homs ta ƙasar Siriya kafin yaƙi. Tun watan Agusta nake gaya masa a nan ko shugabar makaranta da sunanta ake kiranta, sunana Håkan, amma ya ƙi.

"Malam, karatu mun ji. Yi mana mu gani."

Na gyara tsayuwa, na haɗe gira, na ce *Nu räcker det*, ya isa haka.

Bassam ya dubi na kusa da shi, ya dube ni.

"Wallahi Malam, haka kawuna yake cewa a miƙo masa gishiri."

Hiwet ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Mutuniyar Keren ce ta ƙasar Eritiriya, ta girme ni, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba.

Matata Pernilla ta tafi gidan yayarta Gunnel ranar Asabar. Ni na kai mata jaka mota. Ta ce ba za ta koma asibiti a yi mata zagaye na biyu na maganin sankara ba, na farkon ya ishe ta. Na ce jikinki ne, ke za ki yanke. Na faɗa da murya mai kyau. Har na goge wa Gunnel gilashin mota.

Na ba furanninta ruwa.

Talata, 5 ga Nuwamba, da safe

Na dafa kofi na mutum biyu. Na shanye.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan aiki

Na kira Pernilla. Mun yi maganar tayoyin hunturu, ko na sa wa mota. Na sa. Mun yi maganar karen Gunnel, wai ya ci safa. Ta ce dusar ƙanƙara ta fara sauka a wajensu, na ce mu a Härnösand ruwa ne kawai da duhu. Ta ce to. Na ce to.

Na karanta littattafai da yawa da mutane ke jifa da kujera a cikinsu, suna yaga riga, suna tsayawa cikin ruwan sama suna kiran sunan mace. Ina son irin waɗannan littattafan. Na kan karanta su a kujerata da bargo a ƙafa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Tunda littafin bai wadatar ba, na zana musu tsani a allo, matakan fushin ɗan Sweden daga ƙasa zuwa sama. A ƙasa: "Na ɗan yi mamaki." Sama da shi: "Wannan bai yi daidai sosai ba." Sai: "Ina ganin ya kamata mu zauna mu yi magana." Can a ƙololuwa, inda jini ya riga ya zuba: "Gaskiya ban ji daɗi ba."

Hiwet ta ce, "Håkan, tsaya. Mutumin da ke saman benena ya ce mini ya ɗan yi mamaki da nake gasa kofi a baranda. Na ce masa na gode, na kai masa kofi ɗaya."

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa, ya ce na gode."

"To ya tsane ki," na ce. "Zai tsane ki har kabari, kuma zai riƙa gaishe ki."

Bassam ya kama kai. "Wace irin ƙasa ce wannan? Mu idan mun yi faɗa da maƙwabci, unguwa ta taru, a zagi kakanni, da magariba a ci abinci tare. Ku ina kuke kai shi?"

Na ce muna kai shi daji mu yi tafiya da sanduna biyu. Suka rubuta. Sai da na ce kada su rubuta.

Wata yarinya 'yar Tailan da ba ta cika magana ba ta tambaya ko akwai zagi. Na koya musu *fan*, shaiɗan. Duk zaginmu a kan shaiɗan da wuta yake, mu da majami'unmu suka zama wurin sauraron kiɗa. Bassam ya ce zagin da babu uwa a ciki ai gaisuwa ce.

Duhu ya rufe tun kafin mu tashi.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da rana

Tove ta kira daga Göteborg. 'Yarmu ce tilo, kuma ba ta gaji muryata ba.

"Baba, me ka ce mata?"

"Na ce ita za ta yanke."

"Sai me?"

"Sai na kai mata jaka."

"Ka kai mata jaka."

"Tana da nauyi, Tove."

Na ji tana numfashi. Ta ce, "Kai kam ko gida ne ya kama da wuta sai ka tambayi wutar ra'ayinta." Ta kashe.

Jimlar ta yi kyau. Na yi tunanin in kai ta aji, sai na ga ta fi ƙarfin 'yan farko.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da yamma

Ban kira ba. Na ba furanni ruwa. Ɗaya ya fara rawaya, ban san ko ruwan ne ya yi yawa ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, lokacin hutun kofi

Wata nas ta kira daga asibiti, wayar Pernilla ba ta shiga. Ta ce gurbinta na ranar Alhamis ashirin da takwas yana nan, ba a ba kowa ba. Ta ce likita ba ya son a wuce wannan makon, bayan nan lissafin zai canza. Ba ta faɗi yadda zai canza ba, ni ma ban tambaya ba. Mu biyu mun san aikinmu.

Na ce mata mai jikin ce za ta faɗa. Ta ce ƙwarai kuwa, haƙƙinta ne. Na ce haka ne. Ta ce tana jin daɗi idan iyali suka fahimci haka.

Kowa ya fahimta. Ban taɓa ganin mutane masu fahimta kamar mu ba.

Na koma ɗakin malamai, wani ya kawo burodin kirfa, ana muhawara kan ko a sauya injin kofi. An kafa kwamiti.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da yamma

Wasan kwaikwayo a aji, bibbiyu. Ɗalibi ɗaya bai zo ba, sai na zama abokin Hiwet. Labarin da littafi ya bayar: kun yi alkawari da abokinka, bai zo ba, bai kira ba, ka nuna masa ɓacin ranka.

Ita ta fara. Jimla uku kacal take da su a yaren nan na fushi, amma ta miƙe, ta ɗora hannu a tebur, ta jera mini su kamar tana sauke buhu daga mota. Ta ƙare da *fan* a inda bai dace ba sam. Aji ya tafa. Na gyara mata wurin kalmar, don aikina ke nan.

"Saura kai," ta ce. "Ni ce ban zo ba. Kana tsaye a tasha cikin sanyi. Yi."

Na buɗe baki da niyyar in yi musu irin na ranar Litinin su yi dariya. Abin da ya fito daban ne. Na ce, "Kin ce za ki zo." Na sake cewa, "Kin ce za ki zo." Muryata ta yi ƙasa har na baya suka miƙo wuya. Na ce, "Ina tsaye a nan."

Babu wanda ya tafa. Na ga alli ya karye a hannuna.

Bassam ya ce a hankali, "Yanzu kam na ji tsoro, Malam."

Na ce a buɗe shafi na gaba. Shafi na gaba yanayin sama ne.

Da aka tashi Hiwet ta tsaya tana ɗaure gyalenta, ta daɗe tana ɗaure shi.

"Matarka lafiya?"

"Tana wajen yayarta."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba, ɗan'uwana." Ta ɗauki jakarta. "Amma ni baƙuwa ce, yaren bai ishe ni ba tukuna."

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da safe

Na gaji. Barci nake yi sosai, gajiyar ba ta barci ba ce.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan na dawo

Na je. Gidan Gunnel yana bayan Sollefteå, inda hanya ke ƙarewa itatuwa su ci gaba. Na sayi furanni a gidan mai.

Pernilla tana sanye da hular ulu a cikin ɗaki. Rigar da na saya mata bara ta yi mata yawa a kafaɗa. Na ce ta yi kyau. Ta ce na iya ƙarya kamar mai sayar da tsohuwar mota.

Gunnel ta jera kofi da biskit kala-kala a kan farin mayafin tebur na mahaifiyarsu. Muka zauna mu uku. Na ba su labarin Bassam da gishiri. Pernilla ta yi dariya ta gaske, ta kama haƙarƙari, sai na ji kamar na ci jarrabawa.

Gunnel ta fita da kare, da gangan.

Pernilla ta juya kofinta a kan faranti. "An kira ka daga asibiti?"

"An kira."

"Me ka ce?"

"Na ce ke za ki faɗa."

"Ba ka da wani abin cewa, Håkan?"

Ina da shi. Amma tun muna yara aka koya mana ba a matsa wa mutum, ba a ɗora masa nauyin zuciyarka a kan nasa, wanda kake so sai ka ba shi fili. Mahaifina ya ba mahaifiyata fili har ta rasu bai san wane launi take so ba.

Na ce, "Ina girmama shawararki."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ta ce za ta ɗan kwanta.

A bakin mota Gunnel ta miƙo mini ragowar biskit a leda. "Surukina," ta ce, "na san sakarkaru da yawa, amma kai kaɗai ne mai digiri biyu."

Na ce na gode da kofi.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da yamma

Yanayin sama. Ana ruwa, ana iska, rana ta fito. Sun iya.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan aiki

Bassam ya zo da labari. Wani ya ajiye mota a gurbinsa. Ya ce ya sauko da niyyar ya tashi unguwa, sai ya tuna tsanin allo, ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce wa mutumin, "Na ɗan yi mamaki."

"Malam, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir! Ya ba ni haƙuri sau uku, ya kusa taka shara da mota. Wallahi abin yana aiki." Sai ya ƙara da cewa, "Amma na hau sama ban ji daɗi ba. Abin yana nan a cikina. Sai da na zagi firij."

Na ce ya ci babin. Na ce nan da shekara goma zai fara tafiya daji da sanduna.

Tove ba ta ɗaga wayata.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da yamma

Furen ya mutu. Na mayar da tukunyar bayan labule.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da rana

Na kira. Gunnel ta ce Pernilla tana barci. Na ji rediyo a bayanta, da tari.

Na share gida duka, har saman kabad. Na tsinci ɗan kunnenta ɗaya a bayan kujera. Na zauna a ƙasa da shi, sai da ƙafata ta yi sanyi na tashi.

Talata, 26 ga Nuwamba, da safe

Jibi ne.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da hantsi, a ɗakin malamai

Saƙo daga Pernilla. "Don Allah ka kira asibiti ka soke mini na gobe. Ba ni da ƙarfin jiran layi. Na gode da ka sauƙaƙa mini komai."

Na kira. Murya ta ce ana godiya da haƙurina, akwai mutane a gabana. Aka sa mini kiɗa mai sanyi. Ina zaune da waya a kunne, ina kallon sabon injin kofi da kwamiti ya zaɓa, ina jira cikin ladabi a zo kaina in soke wa matata maganinta.

Muryar ta sake gode mini.

Na kashe. Na gaya wa shugabar makaranta ba ni da lafiya. Ta ce in kula da kaina.

Laraba, da yamma, a ɗakin girkin Gunnel



Ban san yadda na yi tuƙin ba. Na san dai ban ƙwanƙwasa ba, kuma ban cire takalmi ba. Tun da aka haife ni ban taɓa taka cikin gidan mutum da takalmi ba, ko gidan da ake gobara ina jin sai na tsaya na kwance igiya. Na ratsa zaure, na taka shimfiɗar da Gunnel ta saƙa da hannunta, ƙanƙara da laka suna bina. Kare ya shige ƙarƙashin tebur.

Pernilla tana kan kujera da bargo. Ta ce, "Ka soke?"

Na ce, "Ban soke ba. Ba zan soke ba. Ki soke da bakinki!"

Ban san muryar ba. Gunnel ta fito da cokali a hannu ta tsaya.

Abin da na faɗa bayan nan ba shi da tsari, da ɗalibi ne ya rubuta da na cika shi da jan biro. Na ce na gaji da fahimta. Na ce ba na girmama shawarar nan, ƙarya na yi, shawarar banza ce. Na ce wa ya ce mata na sauƙaƙa, ni da nake dafa kofi na mutum biyu kamar mahaukaci. Na ce ta tafi ta bar ni da furanni, na kashe ɗaya, sauran ma za su bi shi. Na daki tebur, faranti ya yi tsalle. Na zagi shaiɗan, na zagi asibiti, na zagi Nuwamba.

Ta yaye bargon ta miƙe. Ban zaci tana da ƙarfin ba.

"Yanzu? Yanzu ka samu baki? Kai ka riƙe mini bokitin amai wata biyu kana cewa 'babu komai, babu komai' kamar ma'aikacin otal! Na ce zan daina, ka ɗauki jakata ka kai mota. Ka goge gilashi, Håkan! Na zauna a motar nan ina kallonka kana goge gilashi, na ce shi ke nan, mutumin nan ya huta."

"Na huta?"

"Me kake so in zata?"

"Fili na ba ki!"

"Wa ya roƙe ka fili? Daji ne da ni a nan, ga shi ko'ina!"

Muka tsaya muna haki kamar tsofaffin dawakai. Ta koma ta zauna. Ta rufe fuska. Na durƙusa a gabanta, ta ture hannuna, ta sake ture shi, na uku ta bar shi.

Can ta ce, "Ba ka san yadda abin yake ba. Ba jikinka ake zuba wa maganin ba."

"Ban sani ba."

"Har yanzu ni zan yanke."

"Ke za ki yanke. Amma ki yanke kina sane ba na so. Ba na so ko kaɗan. Ina so ki zauna ki tsufa ki dame ni."

Ta ce in fita daga gabanta, ta gaji da ganina.

Gunnel ta miƙo mini tsumma da bokiti. Na goge zauren. Shimfiɗar kam sai an kai wanki. Ta sa mini miyar wake a kwano, ta ce a kujerar falo zan kwana, kare ma a nan yake kwana, mu daidaita.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da safe, a barandar asibiti

Muryata ta dushe. Na aika wa makaranta a ba su babi na gaba su karanta da kansu.

Da gari ya waye na sami Pernilla a zaure da rigar sanyi, tana fama da igiyar takalmi. Na sunkuya zan taya ta, ta ce in taɓa in gani. A mota ba ta yi mini magana ba har Kramfors, a nan ma cewa ta yi ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ta ce ta zo ne ta ji bakin likita kawai, kada in sa rai. Na ce to. Ta ce kada in ce mata "to". Na ce ba zan yarda da jin baki kawai ba. Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta ɗago daga mujallarta, ta ɗan yi mamaki.

Nas ta leƙo ta kira sunanta. Pernilla ta miƙe, ta cire rigar sanyin ta jefa mini a cinya.

"Kada ka yi murmushi. Fushi nake da kai."

"Ni ma."

"Madalla. Riƙe wannan, kuma kada ka je ko'ina."

Ta shiga. An rufe ƙofa tun ɗazu, ba ta fito ba. Jin bakin likita ba ya ɗaukar wannan lokacin.